Yadda ake karanta tsohon yanayin duniya a jikin laka

Duk wanda ya saba taka fadama a tsakiyar rani ya san laka iri-iri ce, ko da bai san sunayenta na boko ba. Akwai baƙar nan mai tsagewa har ƙafar akuya ta faɗa ciki, irin firkin da ke kewaye da Tafkin Cadi, wadda da ruwan farko ya sauka sai ta kumbura, tsagar ta rufe, ta kama tayar mota ta riƙe. Akwai kuma farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauci, wadda ko an jiƙa ta ba ta kumbura, sai dai ta yi santsi a hannu kamar sabulu. Yawancin ta farko ma'adinin simektayit ne, ta biyun kuwa kawolinayit. Babban abin da ya raba su shi ne yawan ruwan da ya ratsa dutsen da ya haife su. A kan wannan ne masana ilimin ƙasa suka kafa hanyar gano irin damina da ranin da aka yi shekaru miliyoyi da suka wuce: a ɗauko dutsen da ya samu daga kwanciyar laka a gindin tsohon teku ko tafki, a tantance irin lakar da ke ciki, a yi hasashen yanayin da ya samar da ita.

Hanyar tana aiki. Amma laka ba yanayi take ba da labari kai tsaye ba, labarin ruɓewar dutse take bayarwa, kuma tsakanin inda ta samu da inda aka haƙo ta labarin ya bi hannaye da yawa.

Wanki ne ke tantance irin laka

Ruwan sama idan ya gauraya da iskar kabon dayoksayid yakan ɗan yi tsami. In ya ratsa dutse kamar giranit, sai ya shiga cin ma'adinin felsifa. Sodiyam da kalsiyam da fotasiyam da maganiziyam su ne ke fara narkewa su bi ruwa. Silika na bin su a hankali. Alminiyam da ƙarfe su ne masu taurin kai, su ake bari a baya. Saboda haka lakar da ta rage ma'auni ce ta yadda aka wanke dutsen.

Inda ruwan bai da yawa, ko yana zuwa wata uku zuwa huɗu sannan dogon rani ya biyo baya, wankin ba ya kammaluwa. Silika da maganiziyam na nan, sai simektayit ta samu: falle biyu na silika da falle ɗaya na alminiyam a tsakiya, ga kuma fili tsakanin wannan jeri da na gaba inda ruwa ke shiga, shi ya sa take kumbura. Inda ake da zafi da ruwa mai yawa kuma ƙasar na tsanewa da wuri, sai kawolinayit: falle ɗaya na silika, ɗaya na alminiyam, a manne da juna ba wurin shigar ruwa. In wankin ya wuce haka, silikar ma ta tafi, sai a bar gibsayit, wato tushen dutsen da ake fitar da alminiyam irin na yankin Boke a ƙasar Gini, tare da jar marmara mai ƙarfe.

Tsibiran Hawai na Amurka sun nuna wannan ƙarara, don dutsen iri ɗaya ne, baƙin dutsen aman wuta, amma wani gefen tsauni na shan ruwa wani gefen na fama da fari. A inda ruwan shekara bai kai kimanin milimita 1,000 ba, simektayit ce ta fi yawa. Tsakanin 1,000 da 2,000 kawolinayit ce. Sama da haka sai tsatsar ƙarfe da alminiyam su mamaye. Kada dai a ɗauki waɗannan alƙaluma a ɗora wa kowace ƙasa, na wannan dutsen ne a wannan zafin.

Ilayit da kulorayit, wasu nau'o'in laka biyu, labarinsu daban. Galibi ba sabbin haihuwa ba ne, gado ne: ɓurɓushin tsofaffin duwatsu da ƙanƙara ta niƙa, ko sanyi ya farfasa, ko ruwa ya zaizayo daga tsauni mai gangara kafin su sami lokacin ruɓewa. Kulorayit musamman ba ta jure zafi da damshi, don ƙarfe da maganiziyam ɗin da ke cikinta saurin fita suke yi. Samunta da yawa kuma lafiyayyiya alama ce ta sanyi, ko fari, ko zaizaya mai sauri. Sai paligoskayit, wadda ƙwayoyinta zare-zare ne kamar allura, mai son ruwa mai kanwa-kanwa da maganiziyam. A cikin ƙasa ba ta cika daɗewa ba inda ruwan shekara ya haura milimita 300.

A 1965 Pierre Biscaye ya auna samfuri kusan 500 na laka daga gindin Tekun Atilantika da maƙwabtansa, ya ga kawolinayit ta taru a gaban ƙasashe masu zafi na Afirka da Kudancin Amurka, kulorayit kuma tana ƙaruwa in an doshi ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Wannan taswira ce ta ba mutane ƙwarin gwiwar cewa in abin ya yi daidai a shimfiɗar duniyar yau, zai iya yin daidai in an bi shi ƙasa-ƙasa cikin zamani.

Aikin ɗakin gwaji

Kuskure na farko a fili ake yin sa. Fuskar dutsen da ke waje ta sha ruwa da rana na wannan zamani, lakar da ke jikinta ta yau ce. Dole a haƙa a wuce ɓawon da ya sauya launi, sau da yawa rabin mita ko fiye, ko a yi amfani da sandar dutse da injin haƙa ya ciro. Kuma dutsen laka ake nema, ba dutsen yashi ba. Dutsen yashi kamar soso yake, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ratsa shi ya tsirar da sabuwar kawolinayit a ramukansa bayan an binne shi da daɗewa. A madubin ilektiron ana ganin irin wannan a jere falle kan falle kamar shafukan littafi, tsaf-tsaf ba karaya, alamar ba ta taɓa yin tafiya a kogi ba.

Giram 10 zuwa 20 ya isa. A farfasa shi a hankali zuwa girman ƙwayar dawa, a jiƙa a tataccen ruwa. Ba a niƙa shi ya zama gari, don niƙa na mayar da yashi da maika, wato ma'adini mai sheƙi da ke ɓarewa falle-falle, ƙanana su kutsa cikin rabon laka. In akwai kabonet, wato sinadarin dutsen siminti, a narkar da shi da asid mai rauni, ko haidurokulorik da aka tsinka da ruwa sosai ana juyawa, ko asid ɗin asetik da aka daidaita tsaminsa a ma'auni na 5. Asid mai ƙarfi na cinye kulorayit da paligoskayit, wato ya kashe shaidun da ake nema. Ragowar tsirrai da halittu kuma haidurojin feroksayid ke cire su.

Sai wanki, ana sake ruwa har laka ta tsaya a cikinsa ta ƙi kwanciya. In an girgiza kwalba, cikin minti goma ruwan sama ya yi garau, ƙasa ta yi guda-guda kamar kindirmo, to akwai sauran gishiri ko jibsam da ke dunƙule ƙwayoyin. A ci gaba da wanki, in ya ƙi a sa ɗan sodiyam heksametafosfet.

Abin da ake so shi ne ƙwayoyin da ba su kai maikuron 2 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da lokaci ake raba su, bisa ƙa'idar Stokes: a zafin digiri 20, ƙwayar maikuron 2 na bukatar kusan awa 3 da minti 50 kafin ta nutse santimita 5. Bayan wannan lokaci sai a zuƙe santimita 5 na sama. Amma in ɗakin ya kai digiri 30, ruwa ya fi tsinkewa, awa 3 da 'yan mintoci ne. Wanda ya kwafi jadawalin ƙasar sanyi ya yi aiki da shi a ɗaki mai zafi zai zuƙi ƙwayoyi ƙanana fiye da yadda yake zato, simektayit ta yi masa yawa a lissafi.

Ana shimfiɗa lakar a kan ɗan gilashi don fallayen su kwanta a kan cikinsu. Mafi sauƙi shi ne a ɗiga a bari ta bushe, amma nan ma akwai tarko: manyan ƙwayoyi na riga kwanciya, simektayit mai laushi ta zauna a sama, na'ura kuma saman ta fi gani. Shafa ta kamar man shanu a kan burodi, ko tace ta a matata mai ramin maikuron 0.45 a kifa a kan gilashin, ya fi adalci. In an cika kauri, lakar kan naɗe ta ɓare daga gilashi tana bushewa.

Na'urar hasken eksire ba hoto take ɗauka ba, tazarar da ke tsakanin fallaye take aunawa, da ma'aunin angistirom, wato kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Sau uku ake auna kowane samfuri: a bushe, sannan bayan ya kwana cikin tururin etilin gilaikol a digiri 60, sannan bayan an gasa shi awa ɗaya zuwa biyu a digiri 550. Ilayit na tsaye a 10 duk abin da aka yi mata. Simektayit na nunawa a 14 zuwa 15, ta buɗe zuwa 17 da gilaikol, ta rufta zuwa 10 da gashi. Kawolinayit na 7, gashi kuma na rusa ta gaba ɗaya. Kulorayit na nunawa a 14 da 7, ba ta kumbura, ba ta ruftawa. Paligoskayit na wajen 10.5, dab da ilayit, mai gaggawa sai ya haɗe su. A layin 7 kuma kama da wane ba ta wane: kawolinayit da kulorayit sun hau kan juna, sai an tafi a hankali wajen 3.58 da 3.54 kafin a raba su. Gilaikol na tashi, don haka da an fito da gilashi ake aunawa. Wanda aka gasa kuma a rufe shi a busasshen mazubi, in ba haka ba simektayit ta sake shan damshin ɗaki ta buɗe.

Wajen lissafin kaso, har yau da yawa na bin ma'aunin Biscaye: girman tudun da na'urar ke zana wa simektayit sau 1, na ilayit sau 4, na kawolinayit da kulorayit sau 2, a tara a mayar kashi ɗari. Ƙiyasi ne. Kuskuren kashi 5 zuwa 10 ba abin mamaki ba ne, don haka wanda ya gina labarin sauyin yanayi a kan tashi daga kashi 22 zuwa 26 ya gina a kan iska. Sannan tun da jimillar ɗari ce, in simektayit ta ƙaru dole kawolinayit ta ragu a takarda ko da ba abin da ya same ta. Shi ya sa ake fifita kwatanta biyu-biyu, kamar kawolinayit a kan jimillar ilayit da kulorayit. Ana kuma haɗawa da ma'aunin ruɓewa na Nesbitt da Young na 1982, wanda ke auna alminiyam a kan jimillarsa da kalsiyam da sodiyam da fotasiyam: ɗanyen felsifa na ba da 50, matsakaicin dutsen laka 70 zuwa 75, kawolinayit kusan 100.

Hannayen da ke sauya labari

Na farko dahuwa. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa ƙasa, zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. Daga wajen digiri 60 zuwa 70 simektayit na fara shan fotasiyam tana zubar da ruwa tana rikiɗa zuwa ilayit, kuma in an haura 100 yawancinta ya tafi. An ga haka filla-filla a wata rijiyar mai ta gaɓar Tekun Meziko a jihar Tekzas, a aikin John Hower da abokansa na 1976. To wanda ya ga ilayit na ƙaruwa yana yin ƙasa a rijiya, ya ce da can an fi sanyi, murhu ya auna ba yanayi ba. Kafin a ce komai sai an duba ko dutsen ya dahu. In gwajin gasa ragowar halittun da ke cikinsa ya nuna zafin da suka fi fitar da mai da iskar gas bai kai digiri 435 ba, kuma simektayit na hawa da sauka daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa maimakon raguwa a miƙe, akwai fatan saƙon asali na nan.

Na biyu tafiya. Kawolinayit ƙwayarta babba ce, kusa da bakin kogi take zama, simektayit kuwa ruwa na kai ta can nesa. An auna haka a gaban kogin Amazon. Ke nan in teku ya ja baya, gaɓa ta matso, kawolinayit za ta ƙaru a wuri ɗaya ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwan sama ba. Iska ma na da nata rabon. Ƙurar hunturu da ke tashi daga Bodele a ƙasar Cadi na sauka a Atilantika, ta kwanta tare da lakar da koguna suka kawo daga daji mai ruwa.

Na uku uwar dutse da kwanciyar ƙasa. Tokar aman wuta in ta faɗa teku simektayit take zama ko a wane yanayi, in kuma ta faɗa dausayin da zai zama gawayin ƙasa sai ta zama kawolinayit. A tudu ɗaya ma, ƙarƙashin gajimare ɗaya, za a sami kawolinayit a jigawa inda ruwa ke tsanewa, simektayit a fadama inda abin da aka wanko daga sama ke taruwa. Misalin kogin Nilu ya isa ishara. Simektayit ɗinsa daga baƙin dutsen tsaunukan Habasha take zuwa, ta Shuɗin Nilu da Atbara. A gindin gabashin Bahar Rum, ƙaruwarta na nufin damina ta yi ƙarfi a Habasha, kamar yadda aka yi tsakanin kimanin shekaru 11,000 da 6,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa. Wanda ya haddace cewa simektayit alamar ƙarancin ruwa ce zai karanta wannan a juye.

Na huɗu, kuma a ganina mafi wuyar sha'ani, shi ne lokaci. Kafin ƙasa mai kaurin mita goma-goma ta kawolinayit ta samu ana bukatar shekaru miliyan ɗaya ko fiye, kuma in ta samu tana iya zama a tudu shekaru miliyoyi bayan yanayin da ya haife ta ya shuɗe. Médard Thiry na Faransa ya ja kunne kan wannan a shekarar 2000. Shekaru miliyan 56 da suka wuce, a iyakar zamanin Faliyosin da Iyosin, duniya ta ƙara zafi da digiri 5 ko fiye cikin 'yan dubban shekaru, kuma a wurare masu nisa da juna, daga Niyu Jazi ta Amurka har gefen Antatika, kawolinayit ta yi tsalle a daidai wannan shimfiɗa. Fassarar farko ita ce zafi da ruwa sun ƙaru, duwatsu sun ruɓe. Amma tsallen ya zo da wuri fiye da yadda sabuwar ƙasa za ta iya samuwa. Da aka auna nau'o'in iskar oksijin, wato mai nauyi da mara nauyi, da ke ɗaure cikin lakar Niyu Jazi, a wani aiki da aka buga a 2012, sai sakamakon ya karkata ga cewa tsohuwar kawolinayit ce aka tono. Yanayi ya sauya, ba shakka, amma abin da lakar ta rubuta shi ne ruwa mai zuwa da ƙarfi lokaci guda yana yaga tsohuwar ƙasa, ba damina mai tsawo mai ruɓar da dutse ba.

Inda hanyar ta fi yin kyau shi ne inda sauyin babba ne kuma ga wasu shaidu a gefe. A sandunan da jirgin haƙa JOIDES Resolution ya ciro daga tekun da ke kewaye da Antatika a ƙarshen shekarun 1980, simektayit ce ke mulki a zamanin Iyosin. Wajen shekaru miliyan 34 da suka wuce sai ilayit da kulorayit suka karɓe, a daidai inda nau'in oksijin na ƙwansan ƙananan halittun teku ya nuna ƙanƙara ta taru, kuma tsakuwar da tudun ƙanƙara ke yasarwa ta bayyana a cikin laka. Shaidu uku da ba su haɗa hanya ba suka faɗi magana ɗaya.

Kwarin Sakkwato

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani siririn teku ya ratso Sahara ya rufe yankin da yau yake Sakkwato da Adar ta Nijar. Shi ya bar dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina da Malbaza, da dutsen laka na Dange mai jibsam, wanda duk mai gwada shi zai sha wanki kafin lakar ta yarda ta tsaya a ruwa. A cikin lakar wannan zamani akwai paligoskayit da simektayit, kamar yadda ake samu a duwatsu masu kusan wannan shekaru a Mali da Sanagal, inda har haƙar paligoskayit ake yi don sayarwa a yankin Ciyes. A samansu kuma shimfiɗun Gwandu ne, yashi da laka na kogi da tafki, masu kawolinayit da jan dutse mai ƙarfe.

Karatun gaggawa zai ce: fari a ƙasa, damina a sama, wato an tashi daga bushewa an shiga ruwa. Georges Millot na Jami'ar Strasbourg, wanda ya daɗe yana nazarin lakar Afirka ta Yamma, ya karanta shi ta wata fuska. A wajensa, lokacin da tekun ke nan, tudun da ke kewaye na cikin zafi da ruwa, duwatsu na ruɓewa a inda suke. Silika da maganiziyam ɗin da aka wanko su ne suka gangara cikin tekun mara zurfi suka haɗu suka zama paligoskayit, kawolinayit kuwa ta zauna a tudu don ƙasar a kwance take, ba gangarar da za ta kwaso ta. Sai da tekun ya janye, ƙasa ta ɗaga, koguna suka fara yanka, sannan aka kwaso tsohuwar kawolinayit aka zuba a kan lakar tekun. In haka ne, paligoskayit ɗin Dange da wani kaso na kawolinayit ɗin Gwandu 'ya'yan damina ɗaya ne, ɗaya ta iso a narke cikin ruwa tun a lokacin, ɗaya ta iso a ƙafa bayan shekaru miliyoyi. Mai son rarrabewa sai ya sa zaren paligoskayit ɗin a madubin ilektiron ya ga ko dogaye ne a saƙe da juna, alamar a nan suka tsiro, ko gajeru ne kakkarye da aka kwaso daga wani wuri, sannan ya auna nau'in oksijin da haidurojin na kawolinayit ɗin Gwandu ya kwatanta da na tsohuwar marmarar da ta rage a kan tuddan gabas.